Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙasashen Da Suka Yi Alkawarin Kare Teku Kafin 2030

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya. A watan Disamba na 2022, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, wakilan ƙasashe kusan 200 suka amince cewa kafin shekarar 2030 za a sa kashi 30 cikin ɗari na doron ƙasa da na teku a ƙarƙashin kariya. Da sunanku suka ɗauki wannan alkawari, don haka ku nake rubuta wa. Rahoton da aka fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 8 da ɗoriya ne kawai na teku ke da sunan wurin da aka keɓe, kuma inda kariyar ta kai a kira ta kariya bai kai kashi 3 ba. Wa'adi kuwa kullum ƙara matsowa yake yi.

Abin da nake tsoro shi ne gaggawar cike lissafi. Ba wuya minista ya ɗauki alƙalami ya zagaye wani makeken yanki a can tsakiyar teku, inda dama ba kowa ke su ba, ya aika da adadin murabba'in kilomita, a yi masa tafi a zauren taro. Amma ruwan da ya fi buƙatar kulawarku shi ne marar zurfi, mai ɗumi, wanda ya kewaye tsibirai da gaɓar ƙasashen zafi, inda duwatsun murjani suke, inda kuma mutane ke neman abinci kowace safiya. Nan ne aikin yake da wuya, shi ya sa ake kauce masa. Duwatsun murjani ba su rufe ko kashi 1 cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a cikinsu ko a gefensu suke rayuwa.

Mutane da yawa suna ɗaukar murjani dutse ne mai launi. Dabba ne, Allah ya halicce shi ɗan mitsitsi, mai baki ɗaya da 'yan hannaye kewaye da bakin. Dubbai suke zama manne da juna, kowanne yana gina wa kansa makwanci na farar ƙasa, na baya yana ɗorawa a kan ƙashin na gaba, har a wayi gari an sami gini irin Babbar Katangar Murjani ta Ostareliya, mai tsawon kilomita wajen 2,300. A cikin naman kowane ɗan murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ba shi mafi yawan abin da yake ci, ita ce kuma ke ba shi launinsa. Idan ruwa ya haura zafin da aka saba da shi a tsakiyar bazara da digiri ɗaya tak, ya kuma daɗe a haka na makonni, sai murjanin ya fitar da gansakukar daga jikinsa. Nan da nan ya yi fari fat, ana hango ƙashinsa ta cikin naman. A lokacin bai mutu ba tukuna, yunwa ce ke cinsa. In ruwa ya huce da wuri ya farfaɗo. In bai huce ba, naman ya ruɓe ya zube, kafin 'yan makonni wata ciyawa mai yauƙi, ruwan ƙasa, ta lulluɓe wurin.

Wannan masifa ta game duniya a 1998, ta dawo a 2010, ta sake dawowa daga 2014 zuwa 2017. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta tabbatar da cewa an shiga karo na huɗu, kuma zuwa Afrilun 2025 zafin da ke sa murjani fari ya taɓa kusan kashi 84 cikin ɗari na wuraren murjani na duniya. Tun kafin wannan, lissafin masana ya nuna an yi asarar kashi 14 cikin ɗari na murjanin duniya tsakanin 2009 da 2018.

Duk kun san waɗannan alƙaluma, ana karanta muku su a kowane taro. Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne abin da ke faruwa bayan zafin ya wuce. Wurare biyu za su yi fari a shekara ɗaya, bayan shekara goma ɗaya ya dawo cike da rai, ɗayan ya zama kufai. A tsibiran Seshel, masana sun bi diddigin wurare 21 da zafin 1998 ya ragargaza: 12 sun farfaɗo, 9 ciyawar ruwa ta mamaye su. Cikin abubuwan da suka bambanta su har da zurfin ruwan, da yawan lunguna da ramukan dutsen, da yawan kifayen da ke kiwo a wurin. Zurfin ruwa ba a hannunku yake ba. Kifin kuwa a hannunku yake.

Ku dubi kifin aku. Sunan ya dace da shi, don haƙoransa sun haɗe sun zama baki mai ƙarfi, jikinsa kuma kore da shuɗi da ja. Wanda ya nutsar da kansa a ruwan murjani mai lafiya, abin da zai fara ji shi ne ƙaras-ƙaras ba tsayawa, ƙarar waɗannan kifaye ce suna kankare ciyawa daga jikin dutse. Tun fitowar rana suke wannan aiki har faɗuwarta, kamar manomin da ke nome gonarsa don kada ciyawa ta shaƙe shuka. Duk inda suka kankare ya yi tas, nan ne jaririn murjani da ruwa ya kwaso zai sami wurin mannewa ya fara sabon gini. Garin kankara suna haɗiye ɓarɓashin dutse, su niƙe shi da wasu haƙora da ke cikin maƙogwaro, su fitar da shi farin yashi. A wasu tsibiran Maldibs, bincike ya nuna mafi yawan sabon yashin da ke gina tsibirin daga cikin wannan kifi yake fitowa. Maldibs ƙasa ce da tsayinta a kan teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici. Da dare kuwa wasu nau'o'in kifin aku sukan shiga rami su lulluɓe kansu da wata jaka ta majina su yi barci, kuma a wannan hali ne mai mashi da tocila ke tsince su ɗaya bayan ɗaya ba tare da wahala ba.

Abin da ke biyo bayan ƙarewar masu kiwon nan an riga an gan shi a Jamaika. Shekara da shekaru ana kwashe kifin gaɓar tsibirin da tarkuna, har manyan masu cin ciyawa suka yi ƙaranci. Ba a ga illar nan take ba, saboda akwai wata halitta da ta ɗauki nauyin aikin ita kaɗai, bushiyar teku baƙa mai dogayen ƙayoyi. A 1980 guguwar Allen ta farfasa murjanin. A 1983 zuwa 1984 wata cuta ta bi tekun Karibiyan ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na wannan bushiya. Babu kifi, babu bushiya, sai ciyawa ta sami sarari. Murjanin da a da ya rufe kusan rabin ƙasan ruwan ya koma ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a farkon shekarun 1990. Ruwa ba ya tsami banza: guguwa da cuta sun zo ne suka tarar an riga an cire duk abin da zai tare su. A 2022 cuta ta sake afka wa bushiyar a yankin. Ƙasar Beliz ta ɗauki darasi, ta haramta kama kifin aku a 2009, tsibirin Bonaire ya bi sahu a 2010. Doka ce mai layi kaɗan, kuma ina mamakin yadda ƙasashe da yawa masu murjani har yau ba su da irinta.

Lamarin ma bai tsaya a cikin ruwa ba. A tsibiran Chagos da ke tsakiyar Tekun Indiya, wasu tsibirai na da ɓeraye da jiragen ruwa suka kawo tun ƙarnukan baya, wasu kuma ɓera bai taɓa sauka a kansu ba. Inda babu ɓera tsuntsayen teku sun ninka na ɗaya ɓangaren sau ɗaruruwa, saboda ba mai cinye musu ƙwai. Tsuntsayen nan suna kiwo a can nesa cikin teku, su dawo su yi kashi a tsibiri, ruwan sama ya wanke takin zuwa gaɓa. Binciken da aka buga a 2018 ya gano cewa kifin da ke kewaye da tsibiran da ba ɓera ya fi saurin girma, kuma nauyinsa gaba ɗaya ya ɗara na sauran da kusan rabi. Wato kashe ɓera a tudu yana ƙara kifi a ruwa. Na kawo wannan ne don ku ga cewa ma'aikatar muhalli da ta kifi da ta gandun daji da ta ayyuka ba za su ci gaba da aiki kowa da kiwonsa ba. Kifaye da dama na murjani a cikin saiwoyin itatuwan mangurof, masu tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku, suke yin ƙuruciyarsu. Filayen ciyawar teku su ke tace laka kafin ta kai ga murjani, kuma su ne makiyayar koren kunkurun teku da dugon, ɗan'uwan ayu. Dugon ɗin nan a 2022 aka bayyana cewa ya ƙare a ruwan Sin, a gabashin Afirka kuma manyan da suka rage ba su kai 250 ba, akasarinsu a kewayen tsibiran Bazaruto na Mozambik. Uwar takan yi shekaru kafin ta haifi ɗa guda. Kowace raga da ta shaƙe ɗaya ta yi ɓarnar da za a daɗe ba a cike gurbinta ba.

Kifin shak ma haka. An ajiye kyamarori da tarkon nama a wuraren murjani 371 a ƙasashe da yankuna 58, sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin biyar na wuraren ba a ga ko shak ɗaya ba. Ƙasar Palau ta hana kama shi a duk ruwanta tun 2009, ita ce ta fara yin haka a duniya, Maldibs ta biyo baya a 2010. Palau ba ta yi asara ba, domin baƙi masu nutso suna biyan kuɗi mai yawa don su gan shi da rai, shekara bayan shekara, alhali mai yanke masa fiffike sau ɗaya zai sayar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Sau da yawa idan gwamnati ta tashi keɓe wuri, ƙaramin masunci ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa. A hana shi shiga inda kakanninsa suka yi su, ba a tambaye shi ba, ba a ba shi madadi ba, alhali yana kallon babban jirgi na jan raga a bayan layin, otal kuma na zubar da ruwan ƙazanta a gabansa. Mutumin da aka yi wa haka zai shiga da dare, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Wuraren da kariya ta yi aiki a gaɓar tsibirai, in kun bincika, galibi mutanen wurin ne suka riƙe ta da hannunsu. A tsibirin Apo na ƙasar Filifin, masanin halittun ruwa Angel Alcala da abokan aikinsa sun zauna da masunta har suka yarda, a 1982, su bar wani ɗan yanki na murjaninsu ba a taɓawa. Su suka yi gadi da kansu. Kifi ya yi yawa ya girma a ciki, ya riƙa malalowa waje inda ake su, har ƙauyuka da dama a ƙasar suka kwaikwayi tsarin. A kudu maso yammacin Madagaska, mutanen Vezo na ƙauyen Andavadoaka sun gwada rufe wani wurin kamun oktofus, dabbar nan mai hannu takwas, na 'yan watanni a 2004. Dabba ce mai saurin girma, ranar da aka buɗe mata da maza suka fito da manya-manya waɗanda suka fi tsada. Maƙwabta suka gani da idonsu, ba wanda ya yi musu wa'azi, tsarin ya bazu har ƙetaren ƙasar. A Palau tun kafin zuwan Turawa sarakuna kan sa dokar da suke kira bul, su rufe wuri lokacin da kifi ke zuba ƙwai, a Fiji kuma akwai tabu mai irin wannan manufa.

Waɗannan mutane ba ilimi suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne takardar da ta amince cewa ruwan nasu ne su kula da shi, da kwale-kwale mai inji da man da za a zuba masa, da alƙalin da zai hukunta wanda suka kama ko da yana da uwa a gindin murhu. Mai jefa nakiya a ruwa yana kashe duk abin da ke wurin a daƙiƙa ɗaya, ya bar tarin tsakuwa da ke birgima da igiyar ruwa, wadda jaririn murjani ba zai iya kamawa ba har shekaru masu yawa. Mai fesa gubar sayanayid a ramin dutse don ya sumar da kifi ya kama shi da rai, yana yi ne don akwai mai saye a manyan birane, ko don teburin masu hannu da shuni ko don akwatin gilashi na ado. Talakan da ya nutse shi ake kamawa, dillalin da ya ba shi gubar yana zaune lafiya. Ku bi sawun kuɗin.

Kada kuma a ce babu kuɗi. An ƙiyasta cewa gwamnatoci na kashe wajen dala biliyan 22 a shekara a kan tallafin da ke ƙara wa jiragen su ƙarfin kwashe kifi fiye da kima, mafi yawansa manyan jirage ke amfana. Yarjejeniyar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya da ta fara taka wa wannan birki an cimma ta a 2022, ba ta fara aiki ba sai a Satumban 2025, kuma ba ta taɓo babban ɓangaren matsalar ba. Ɗan kaso daga wannan kuɗi zai biya masu gadi da masu ƙidayar kifi a tsibirai masu yawa. Murjani mai lafiya yana karya kusan kashi 97 cikin ɗari na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Ku tambayi ministocin ayyukanku nawa za su nema don gina katangar siminti da za ta yi haka, wadda kuma ba ta gyara kanta in ta tsage.

Akwai kuma abin da hannun dama ke karewa na hagu yana rusawa. Raja Ampat na Indonusiya na cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan nau'o'in murjani da kifi a duniya, amma sai da jama'a suka yi ca a 2025 kafin aka soke lasisin wasu kamfanoni huɗu masu haƙar ƙarfen nikel a tsibiran. A 2020 jirgin Wakashio ya yi karo da murjani a gaɓar Morishiyos ya malalar da mai kusan tan 1,000 dab da wuraren da aka keɓe.

Ba zan ɓoye muku ba, duk abin da na lissafa ba ya sanyaya ruwa. A 2016 arewacin Babbar Katangar Ostareliya ne ya fi shan wuya, wato ɓangaren da ya fi nisa da mutane da gonaki, wanda ya fi kowanne tsabta. A bazarar 2023 ruwan gaɓar Florida ya yi zafin da sai da masu renon murjani suka kwashe shi daga teku suka kai tankuna a tudu don ya tsira. A rairayin arewacin katangar Ostareliya, inda zafin yashi ke tantance ko ƙwan kunkuru zai zama namiji ko mace, an tarar fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙananan korayen kunkuru mata ne. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa tun 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na murjanin ƙasashen zafi, in ta kai digiri 2 kuwa fiye da kashi 99. Don haka ku shugabannin ƙasashe masu manyan masana'antu, ba daidai ba ne ku ba da tallafin dasa murjani da safe, da yamma ku sa hannu a buɗe sabuwar mahaƙar kwal. Dashen yana da amfaninsa a ɗan lungu, amma ba zai cike gurbin abin da zafin bazara guda ke kashewa a dubban kilomita ba. Kifin aku da tsuntsu da mangurof lokaci suke saya wa murjani tsakanin zafi da zafi. Ku ne za ku yanke ko lokacin zai yi amfani.

Na san kariya tana aiki idan aka dage, don koren kunkurun teku shaida ne. An ci namansa, an kwashe ƙwansa, ragogi sun shaƙe shi har aka sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Aka shafe shekaru wajen hamsin ana gadin rairayin da yake ƙwai, ana hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, ana sa wa ragar jirage ƙofar da zai fita. A Oktoban 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta cire shi daga wannan jeri. Ɗan'uwansa mai baki irin na shaho, wanda ke cin soson teku ya buɗe wa murjani wuri, har yanzu yana bakin halaka saboda kwasfarsa da ake yin kayan ado da ita, kuma irin wannan dagewar yake jira.

Roƙona gare ku, ranku ya daɗe, shi ne duk lokacin da za ku kawo rahoton inda aka kwana a kan alkawarin 2030, kada ku tsaya a faɗin wurin da kuka zagaye. Ku faɗa mana nawa ne daga ciki ke kan murjani da ciyawar teku da mangurof. Ku faɗa mana masu gadi nawa ke karɓar albashi, kwale-kwale nawa ke da mai, ƙauyuka nawa aka damƙa wa ikon ruwansu a rubuce, da ko nauyin kifin da ke wurin ya ƙaru ko ya ragu tun da aka kafa allon. Ku buga wannan a harsunan da masuntan wurin ke karantawa, ku kuma ba su kujera a ɗakin da ake yanke shawarar inda layi zai bi, kafin a ja shi.

Allah ya yi muku jagora. Ku huta lafiya.